Ɗan Akwatin Bango Da Muke Rainawa

 

Duk wanda ya taɓa ɗora bulo a kan bulo a ƙasar nan ya san yadda lissafin gini yake tafiya. Mai gida yakan ƙidaya buhunan siminti ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan tifar yashi, ya yi ciniki mai zafi a kan bandir ɗin kwano, har ya ɗaga ƙyaure ya ji nauyinsa kafin ya biya. Amma idan aka zo kan wayarin, watau jan wayar lantarki a cikin gida, sai a tarar aljihu ya riga ya yi sanyi, haƙuri kuma ya ƙare. Sai a kira yaro mai filaya da tasta a ce masa, "Kai dai yi mini yadda wuta za ta kama." Wuta kuwa takan kama. Abin tambaya shi ne, wace irin wuta?

A cikin kayan wayarin duka babu abin da aka raina kamar ɗan akwatin nan na roba da ake binnewa a bango, ko kuwa a kafa shi a kan bangon, wanda makunni ko soket yake zama a bakinsa. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, da zarar an rufe shi kuma ba mai sake ganin cikinsa. To, a kansa nake so mu tattauna a wannan mako, musamman a kan yadda ake shigar da waya cikinsa a ɗaure ta, domin Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

DALILIN ƊAUKAR GADAU

Zan kafa misali da garin Gadau, a Ƙaramar Hukumar Itas/Gadau ta ƙasar Katagum, 'yar tafiya kaɗan daga Azare. Tun da aka kafa Jami'ar Jihar Bauci a garin cikin 2011, a zamanin mulkin Gwamna Isa Yuguda, wadda daga baya aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Sa'adu Zungur, sai garin ya sami baƙi masu neman ɗakin kwana: ɗalibai, malamai, ma'aikata da 'yan kasuwa. Wanda yake da fili ya yanka, wanda yake da tsohon gida ya ƙara ɗakuna, kowa yana hanzarin gama gini kafin a dawo hutu. Wannan alheri ne, ba mai musu. Haka kuma abin ya kasance a sauran garuruwan da suka sami jami'a a 'yan shekarun nan, kamar Kashere da Dutsin-Ma a 2011, da Kafin Hausa da Gashuwa a 2013.

Sai dai kuma ɗakin ɗalibi ya sha bamban da ɗakin da iyayenmu suka saba, inda ƙwan fitila ɗaya da rediyo su ne iyakar nauyin da waya take ɗauka. A ɗaki guda za ka tarar da hitar dafa ruwa, da murhun lantarki, da dutsen guga, da fanka, da cajar waya huɗu ko biyar, da kwamfuta, dukansu suna jiran soket ɗaya ko biyu. Da yake kuma wutar ba ta zama, ranar da aka kawo ta kowa sai ya jona nasa a lokaci guda. Sau da yawa ma cikin dare take dawowa, ta tarar da kayan da aka manta a jone, masu ɗakin kuwa suna barci. Irin wannan gida shi ne ya fi bukatar aiki mai kyau, shi ne kuma aka fi yi wa aikin gaggawa.

YADDA WAYA KE SHIGA AKWATI

Iri biyu ne na wayarin aka fi yi a gidajenmu. Akwai na cikin bango, inda ake sassaƙe bulo a binne bututun roba, wanda masu sana'ar ke kira fayif, a binne akwati a bakinsa, bayan an yi shafe kuma a zura wayoyi 'yan ɗaiɗai a ciki. Akwai kuma na kan bango, inda ake bin jikin gini da waya mai faɗi ana kafe ta da kilif. Ita wannan waya riga biyu gare ta: kowane silin jan ƙarfe yana da tasa rigar mai launi, sa'an nan ga babbar riga fara ko mai ruwan toka da ta lulluɓe su duka. A aikin cikin bango, fayif shi ne yake zaman babbar rigar. Ƙa'idar kuwa ɗaya ce ga duka biyun: babbar riga, ko fayif, lalle ne ta shiga har cikin akwati, kuma a kafe ta yadda ko an ja waya daga waje, jan ba zai isa ga notin da ya riƙe jan ƙarfe ba.

Ga inda ake yin ɓarnar. Na farko, fayif yakan gaza isa akwati da yatsa biyu ko uku, sai a bar shi haka, magini ya zo ya cike wurin da siminti. Wayoyin da aka zura daga baya sai su riƙa gogar kaifin siminti da bakin akwati ba tare da wata kariya ba. Alhali akwai ɗan baki mai zare, watau adafta, da aka yi musamman don ya ƙulle fayif a jikin akwati, kuɗinsa kuma ƙalilan ne.

Na biyu, maimakon a cire ƙofar da masu ƙera akwatin suka shata daidai girman fayif, sai a sa filaya a ɓalle gefen akwatin, ko a ƙona shi da ƙusa mai zafi, a bar kafa wadda ta ninka girman waya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji masu iya magana, a nan kuwa maganar ba ta bukatar fassara. Tsaka da kyankyaso da tururuwa duk sukan shige, ƙurar hunturu ta taru, damina ta zo ta jiƙa ta. Duk mai gyaran wuta da ya daɗe a sana'a ya sha buɗe soket ya tarar da busasshiyar tsaka a tsakanin wayoyi biyu.

Na uku, a aikin kan bango akan fere babbar riga tun daga nesa, a bar 'yan wayoyi masu launi a fili kafin su shiga akwati, kilif na ƙarshe kuma yana can nesa. Ma'anar wannan ita ce duk nauyin waya, da duk wani ja da yaro ko tsintsiya ko gefen gado zai yi mata, a kan noti zai sauka. Abin ya fi muni a ginin ƙasa, wanda har yanzu yana da yawa a garuruwan Katagum, domin ƙusar kilif ba ta kama jar ƙasa da kyau, damina ɗaya ko biyu sai ta saki, waya ta yi lilo. A irin wannan bango ya kamata a fara dasa katako mai ƙwari wanda aka shafa wa maganin gara, a ɗaure akwatin a jikinsa, ita waya kuma a bi da ita ta cikin bututu.

Na huɗu, tsabar tsimin waya yakan sa a yanke ta dab da bakin akwati, sai an ja da ƙarfi kafin ta isa makunni. Wayar da aka ɗaure a miƙe kamar tsirkiya, kullum ƙoƙarin kuɓucewa take yi. A wani wurin kuma akasin haka ake yi: a cusa wayoyi shida ko takwas cikin akwatin da aka yi don uku, a murɗe su da hannu a naɗe da salatif, a danna murfi da ƙarfi. Salatif kuwa zafi yakan narkar da danƙonsa ya warware. Abin da ya dace shi ne mahaɗi mai noti, da akwati mai zurfin da zai ɗauki wayoyin ba tare da matsi ba.

Na biyar, wayar ƙasa, wadda masu sana'a ke kira at, mai launin kore ko kore da ruwan ɗorawa. Waɗansu sukan datse ta su yar, wai akwatin roba ba ya jan mutum. Gaskiya ne roba ba ta ɗaukar lantarki, ba ta kuma yin tsatsa, wannan ma shi ne amfaninta. Amma firji da dutsen guga da murhun da za a jona a soket ɗin jikinsu ƙarfe ne. Idan waya ta fashe a cikinsu, wayar ƙasa ce take kwashe wutar ta sa fis ya yanke. In babu ita, jikin wanda ya taɓa shi ne hanya.

ZAFIN DA FIS BA YA GANI

Mai karatu zai ce, to, don noti ya ɗan saki, ai iyakarta fitila ta yi ƙifce-ƙifce. Bari mu yi lissafi. Wutar gidajen Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Hita mai wat 2,000 tana jan wajen amfiya 9. Idan jan ƙarfe ya zauna daram a ƙarƙashin noti, wuta takan wuce ba tare da wani cikas ba. Idan kuwa ya saki, wurin haɗuwar ya ragu ya koma kamar bakin allura, sai wutar ta riƙa kutsawa ta ƙuntatacciyar hanya, kutsen nan kuma zafi yake haifarwa. A ce cikas ɗin ya kai rabin om kawai, a ma'aunin masana. Tara sau tara, a raba biyu, ya ba da wajen wat 40. Wannan shi ne kimanin ƙarfin ƙarfen da mai gyaran rediyo yake narka dalma da shi. Watau kamar an kunna wannan ƙarfe ne an rufe shi a cikin akwatin roba, a bayan labule ko kan gado.

Daɗin daɗawa, zafin ba ya ƙaruwa daidai da nauyin da aka ɗora. Idan aka ninka wutar da ake ja sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkuwa. Rigar robar da aka saba yi wa wayar gida kuwa an yi ta ne don zafin da bai wuce digiri 70 ba. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin ƙasar Katagum yake haura digiri 40 a inuwa, balle tsakanin silin da kwano, waya ta riga ta ci rabin haƙurinta tun ba a kunna komai ba. Ƙarfe kuma yakan buɗe da zafi ya tsuke da sanyi, don haka duk kunnawa da kashewa tana ƙara sassauta notin da dama bai ɗauru ba. Haka abin zai yi ta ci a hankali, wata da watanni, riga ta bushe ta yi baƙi ta farfashe, har ranar da tartsatsi zai sami abin kamawa.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne, fis ko bireka ba su san ana yi ba. Aikinsu shi ne su yanke idan wutar da ake ja ta wuce kima, ko waya biyu suka haɗu. A nan kuwa amfiya 9 ɗin nan ce dai take wucewa, ba ta ƙaru ba. Fis yana ganin komai lafiya, alhali bango yana dahuwa. Wannan ne ya sa ba a dogara da fis a bar ɗaurin waya.

YADDA WAƊANSU ƘASASHE SUKA YI

Ƙasashen da suka riga mu shan wuyar wannan al'amari ba su bar shi ga ganin damar ma'aikaci ba. A Amurka, inda aka fara buga kundin dokokin wayarin tun 1897, an ƙayyade abin da inci. Idan ƙaramin akwatin roba ne wanda ba shi da maƙalli a ciki, dole a kafe waya a wajen da bai wuce inci 8 daga akwatin ba. Dole babbar riga ta shiga ciki da aƙalla kwatan inci. Dole kuma a bar rarar waya ta aƙalla inci 6 a cikin akwati, watau wajen santimita 15, domin mai gyara na gobe ya sami abin kamawa. Mai duba gini yakan zo ya gani da idonsa kafin a rufe bango.

A Ingila, wadda daga gare ta muka gaji fulogi mai ƙafa uku na amfiya 13 da yawancin tsarin wayarinmu, littafin ƙa'idojinsu ya fara fitowa a 1882, bugu na 18 kuma ya fito a 2018. Bayan da hukumar kashe gobara ta Landan ta yi ta kokawa a kan gobarar da ke tashi daga babban akwatin rarraba wuta na roba, wadda galibi sakin noti ke haddasawa, sai aka sauya doka. Daga Janairun 2016 sabon babban akwati a gidan zama lalle ne ya kasance na abin da ba ya cin wuta, kamar ƙarfe, ko a sa shi cikin irin wannan. Dokar ba ta hana ƙananan akwatunan makunni na roba ba, amma darasin a fili yake: sakakken noti da roba mai cin wuta ba sa zama lafiya wuri guda. In mutanen da suke da masu duba aiki da motar kashe gobara a kowace unguwa sun ga abin tsoro a nan, ina ga mai ɗakin haya a Gadau?

ARAHA BA TA ADO

Ɗauri mai kyau ba zai yi amfani ba idan wayar kanta ta jabu ce. Masu sana'a sun san kima: milimita 1.5 don fitilu, 2.5 don soket, 4 ko 6 don na'urar sanyaya ɗaki da babban murhu. Amma a kasuwa akwai wayar da aka rubuta 2.5 a jikinta alhali ba ta kai ba, akwai kuma wadda alminiyam ce aka yi wa fentin jan ƙarfe. Alminiyam ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, kimanin kashi 61 cikin 100 yake ɗauka idan kaurinsu ɗaya, ga shi kuma da laushi, yakan lotse a ƙarƙashin noti ya saki da kansa. Amurkawa sun gwada shi a wayarin gidaje daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon na 1970, suka ga abin da ya biyo baya a wuraren haɗi, suka ja da baya. Gane shi ba wuya: a kankare silin waya da wuƙa, in cikinsa fari ne to a mayar wa mai shago kayansa. A kuma ɗaga naɗin a ji nauyi, domin jan ƙarfe na gaske yana da nauyi.

Haka shi ma akwatin. Akwai mai kauri wanda ba ya riƙe wuta idan an janye ashana, akwai kuma mai kama da faranti na biki, wanda kunnuwan notinsa ke karyewa tun a ɗaurin farko. Soket ɗin da kunnen akwatinsa ya karye yana motsi duk lokacin da aka zare fulogi, kowane motsi kuma yana girgiza waya. Akwai kamfanonin yin waya a cikin ƙasar nan, kamar Nocaco a Kaduna da Cutix a Nnewi, akwai kuma Hukumar SON mai kula da ingancin kaya, wadda aka kafa tun 1971. A nemi kaya masu shaidarta, a saya a shagon da za a iya komawa gobe a yi magana.

NAUYIN A KAN WA YAKE?

Mun saba da ɗora wa NEPA laifin komai. Ita NEPA, wadda aka kafa a 1972, ta koma PHCN a 2005, a watan Nuwamban 2013 kuma aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu. Jihar Bauci, tare da Filato da Gombe da Binuwai, tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Jos. To, amma ko wane suna aka kira mai kawo wuta, iyakarsa mita. Daga mita zuwa cikin ɗaki, wannan haƙƙin mai gida ne. Wanda kuwa ya karɓi kuɗin haya daga hannun ɗan wani, ya karɓi amanar ransa tare da kuɗin. Uban da ya sayar da buhunan gero ko ɗan bijiminsa ya tura 'yarsa karatu Gadau bai san abin da ke bayan makunnin ɗakinta ba, ita ma ba ta sani ba. Mutum biyu ne suka sani: wanda ya yi aikin da wanda ya biya.

Saboda haka ina kira ga masu gini, kada ku bari a yi shafe sai kun zaga ɗaki-ɗaki tare da mai wayarin. Ba sai kun yi karatun injiniya ba. Ku duba ko kowane fayif ya shiga akwatinsa an ƙulle shi. Ku duba ko fayif ya tashi sak daga akwati zuwa sama ko ya bi a miƙe zuwa gefe, domin wanda aka karkata shi ne ƙusar rataye hoto take hudawa bayan shekara biyu. Bayan an zura waya, kafin a rufe murfi, ku ga rarar da aka bari, ku ga wayar ƙasa ta iso kowane soket an ɗaure ta, ku ga ba jan ƙarfe tsirara da ya leƙo daga ƙarƙashin noti. Ku sa ma'aikacin ya ɗan ja kowace waya a gabanku. Ku tambaye shi ko makunni yana yanke wayar da ke ɗauke da wuta ne, watau ja ko mai ruwan ƙasa, domin in aka juya, fitila za ta mutu amma wuta tana nan a mazaunin ƙwai tana jiran hannun mai canzawa. In hali ya yi, a sa bireka mai gane yoyon wuta, irin ta miliamfiya 30, wadda take yankewa kafin wuta ta kashe mutum. Tun ran gini ran zane.

Ku kuma 'yan'uwa masu sana'ar wayarin, na san kukanku. Alhaji yakan ce kuɗin sun yi yawa, in ka ƙi kuma akwai yaron da zai yi a rabin farashi. Duk da haka, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Adafta da kilif da rarar inci shida ba su ne za su cinye ribarka ba, ƙara wa noti juyi ɗaya kuma ba ya cin ko kwabo. Gara ka ce, "Ranka ya daɗe, da wannan waya ba zan yi aikin ba," ka rasa kwangila ɗaya, da a riƙa nuna gidan da ya ƙone ana kiran sunanka. Ku iyayen gida masu yara a hannu, abin da yaro ya ga kuna yi shi zai yi shekara talatin yana maimaitawa a gidajen mutane.

Hukuma ma tana da nata. Dokar 2015 ta kafa Hukumar NEMSA, wadda aikinta ya haɗa da duba kayan lantarki da ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Dokar Lantarki ta 2023 kuma ta buɗe wa jihohi ƙofar tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. Ya kamata Gwamnatin Jihar Bauci da ƙananan hukumomin Itas/Gadau da Katagum, tare da shugabannin jami'a da masu unguwanni, su fito da tsari mai sauƙi: duk gidan da za a ba ɗalibai haya, a sami ƙwararre ya duba wayarinsa ya sa hannu. Jami'a tana iya ajiye jerin gidajen da aka duba, iyaye su sani. Makarantu irin su Kwalejin Fasaha ta Abubakar Tatari Ali da ke Bauci suna iya shirya gajeren horo na mako ɗaya ko biyu ga matasan da suka koyi sana'ar a hannu, a yi musu da Hausa, a ba su shaida.

GA MASU ZAMA A ƊAKIN

Wanda ya riga ya shiga ɗaki ba zai fasa bango ba, amma Allah Ya ba shi hanci da kunne da hannu. Idan murfin soket ya yi ɗumi bayan an yi guga, ko ya fara yin baƙi-baƙi a bakin ramukansa, ko ana jin ƙara kamar ana soya gyaɗa, ko wani wari kamar na ƙonanniyar roba ko na kifi yana tashi ba a san daga ina ba, to a daina amfani da shi nan take, a kashe layin, a gaya wa mai gida. Kada a cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana. Soket na amfiya 13 iyakarsa wajen wat 3,000, don haka hita da murhu ba sa haɗuwa a kansa. Idan an ɗauke wuta, a zare hita da dutsen guga kafin a kwanta ko a fita lacca. In kuwa ƙaddara ta faɗa wuta ta tashi, a fara kashe babban makunni na gida, kada a watsa ruwa a kan wayar da ke da wuta, a yi amfani da yashi, a fitar da mutane tun da wuri. Kowane ɗan haya ya san inda babban makunnin yake tun ranar da ya tare.

Mutanen ƙasar Katagum ba sa bukatar a kwatanta musu gobara. Suna tune da wadda ta cinye kasuwar Azare a watan Yunin 2018, har Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya zo Bauci jaje. Kanawa ma ba su manta da ta kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ba. Ko mene ne mafarin gobara, ƙarshenta ɗaya ne: dukiyar shekara ashirin ta koma toka kafin asuba, wani lokaci har da abin da kuɗi ba sa mayarwa. Akwai mafarin da ya fi ƙarfinmu, akwai kuma wanda sukudireba da minti biyar suke toshewa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Allah Ya kiyashe mu da sharrin gobara, Ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke neman ilmi, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.